Kifa Akwatin Ka Duba Gindinsa

Wallahi ban san taba na da shekarar haihuwa ba sai da na je Habana! Tsaraba kawai na shiga nema wa wani abokin kasuwancina a wani shago cikin tsohon gari, irin naɗaɗɗiyar tabar nan ta zallar ganye da mutanen Kuba ke kira habano. Na miƙa hannu ga akwatin da ya fi ƙyalli. Dattijon shagon ya karɓe shi, ko murfin bai kalla ba, ya kifa shi.

"Nan ake dubawa, abokina."

A gindin akwai tambari: Habanos S.A., Hecho en Cuba, Totalmente a mano, wato da hannu kaɗai aka naɗe. Ƙasa kaɗan kuma hatimin tawada, haruffan masana'anta, sai wata da shekara. In ka ga ENE 15, misali, Janairun 2015 ke nan aka zuba karan a akwati. Ya ce in na ga Cubatabaco a madadin Habanos, to akwatin ya girmi 1994. Sai na kama kifa akwatuna ɗaya bayan ɗaya kamar yaron da ya fara gane baƙi!

Ya ja ni wani ɗaki mai sanyi da ƙamshin katakon sida, inda ake tsare zafi tsakanin digiri 16 da 18, laima kuma kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Ya kara mini wani sabon naɗi a hanci. Zarni ya doke ni, har idona ya kawo ruwa. Ganyen bai gama hucewa ba, in ji shi. Sannan ya buɗe wani mai shekara goma. Subhanallahi! Ƙamshin koko, da na jemammiyar fata, da wani zaƙi-zaƙi kamar zuma. Ƙasa ɗaya ta haife su, Vuelta Abajo ta lardin Pinar del Río, amma sai ka rantse ba dangi ba ne.

Nan na yi azarɓaɓi, na ce a ba ni wanda ya fi kowanne tsufa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Tsakanin 1999 da 2001 kasuwa ta buɗe, aka yi ta naɗi cikin gaggawa, kara da yawa suka fito a toshe, ka zuƙa har kumatu su yi ciwo hayaƙi bai zo ba. Bayan nan ne aka shigo da injin gwada zuƙa. Karan da aka naɗe a toshe, ko ya shekara talatin a toshe zai zauna. Shi ya sa masu tara taba ke tambayar shekara kafin su tambayi suna.

Shekarar ma iri biyu ce, kuma wannan ne ya fi ɗaure mini kai. Akwai ta akwati, akwai ta girbi, cosecha. Karan da ake kira Reserva, ganyensa ya kwana shekara uku aƙalla kafin a naɗe. Gran Reserva, biyar. Cohiba Siglo VI Gran Reserva girbin 2003 ne, sai 2009 ya fito, akwati 5,000 kacal. Na tambayi kuɗin irinsa yau, na ji amsa, na yi shiru. (Ƙirji dai bai san tsohuwa da sabuwa ba, duk hayaƙi ne, ni hanci kawai na kai.)

Daga ƙarshe ya koya wa yatsuna aiki. In matsa kara a hankali, in ya lotsa ya dawo, lafiya; in ya yi ƙaras, ya bushe. In duba ɗan rami kamar na allura, aikin ƙwaron taba ne, kuma shi kan gama da akwati guda. In leƙa bakin da ake kunnawa ko hunhuna ta shiga.

Na fito da wani akwatin katako marar ado, hatiminsa na 2014. Mai ƙyallin nan na watan jiya ne, na bar shi a kife kan kanta.