Wasa a Ɗakin Jinya

Mai karatu, ɗaga hannunka ka taɓa hancinka. Ka ga ko tunani ba ka yi ba. Ga wanda ya gamu da shanyewar ɓarin jiki kuwa, wannan jan aiki ne. Cutar tana aukuwa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai hannu ko ƙafa su daina bin umarni. Magani shi ne maimaita motsi ɗaya sau da yawa, kullum, har ƙwaƙwalwa ta sake koyon aikin.

A nan gizo ke saƙa. Kawuna ya yi wannan jinya. Mako guda ya yi ana ce masa ya miƙe hannu, ya lanƙwasa, sai ya ce shi kam ya gaji. Ban ga laifinsa ba.

Likitoci sun san wannan gajiya, shi ya sa suka jawo wasa cikin jinya. A 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar Wii, wadda ake wasa da ita ta hanyar jujjuya hannu. Asibitoci suka karɓe ta. Majiyyaci yana ƙoƙarin buga ƙwallo a talabijin, bai ankara ba ya miƙe hannun sau hamsin. Wasa yana rage zafin ciwo ma. A Jami'ar Washington ta Amurka an ƙirƙiro wasan SnowWorld, inda masu ƙuna ke jifa da ƙanƙara a kwamfuta yayin da ake wanke musu rauni. Hankali ya tafi wurin wasa, zafi ya ragu.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani bincike da likitocin Kanada suka jagoranta, aka wallafa a 2016. An raba masu shanyewar ɓarin jiki 141 gida biyu. Wasu suka yi wasa da Wii, wasu suka yi karta da wasan ƙwallo, ban da motsa jikin da aka saba. Bayan mako biyu duka sun sami sauƙi, kuma na'urar ba ta fi kartar ba.

Ka tuna da wannan idan akwai majiyyaci a gidanku. Kawuna dara muka riƙa yi da shi, bayan likita ya amince. Sharaɗinmu ɗaya ne: da hannun da ya shanye zai ɗauki tsakuwa ya sa a gurbi. Da farko tsakuwar takan suɓuce masa. Duk da haka, idan na cinye shi, shi ke cewa a sake.