Mushe da ƙungiyar Faransa

A Tarka, cikin ƙasar Damargu, akwai wani tsohon malamin lakwal da ya san tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Faransa kamar yadda ɗan kasuwa ya san kuɗin tiyar hatsi. Yakan kawo ƙwallo 13 da Just Fontaine ya ci a gasar kofin duniya ta 1958, da 9 na Platini a kofin Turai na 1984. Rashin zuwansu Amurka a 1994, bayan da Bulgariya ta doke su a Paris, har yau yana ci masa rai. A 1998 kuwa, da Zidane ya jefa biyu da ka, aka lallasa Brazil 3 da 0, duk majalisa ta sha shayinsa.

Amma ranar da ba ya son a tuna masa ta 2002 ce. Senegal ta ci Faransa 1 da 0, bai ankara ba sai ga shi tsaye, rediyo a hannu, yana sowa tare da yara.

Tun da sojojin Faransa suka bar Nijar a Disamban 2023, abokan hira ke zolayarsa: "Mushe, har yanzu kana bayansu?" Ba ya musu. Cewa yake kofin 2018 ma da ƙafafun ƴaƴan Afirka aka ɗauko shi, su Kanté da Pogba. Sai dai hoton Platini ya bar zaure ya koma ɗaki. A gurbinsa an rataya na Musa Maazu, ɗan wasan Mena da ta je CAN a 2012.