A Dubi Gindinta Kafin Hadari Ya Haɗo

A bazara, lokacin da zafi ya kai zafi, babu mai kallon bishiya da idon zargi. Inuwarta kowa yake nema: a nan dattawa suke shimfiɗa tabarma, a nan mai shayi yake kafa teburinsa, a nan yara suke wasa. Amma a wannan lokacin ne ya kamata a duba ta da kyau, domin ruwan farko a ƙasar Hausa ba ya zuwa shi kaɗai. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, hadari kan haɗo daga gabas, iska mai ƙura ta riga shi isowa. Ita ce take yaye kwano, ta tumɓuke itacen da ya daɗe da mutuwa a tsaye.

Yawancinmu ganye muke ɗaga kai mu kalla, alhali labarin yana gindi. Kuka tana zubar da ganyenta a rani, gawo kuma da damina, kuma lafiyarsu ƙalau. Sai ga darbejiya koriya shar, amma cikinta kogo ne.

Ka tsuguna ka duba. In ƙasa ta tsage ko ta ɗago ta gefe guda, bishiyar kuma ta karkata ɗaya gefen, to saiwa ta fara saki. Dubi hanyar gara, jar ƙasar nan da take bin jikin itacen zuwa sama, da garin itace da ya zube a ƙasa, da ɓawon da yake ɓarewa da kansa. Ƙwanƙwasa da ƙotar gatari: mai lafiya tana amsawa a dunƙule, mai kogo kuwa sai ta yi kamar ganga. Sannan ka ɗaga kai zuwa inda manyan rassa biyu suka rabu, nan ne tsaga take fara ɓuya.

Sau da yawa da hannunmu muke jawo wa bishiya wannan lalacewar. Muna ƙona shara a gindinta, mu datse saiwoyinta wajen haƙa kwata ko harsashin gini, mu malale kewayenta da siminti. Ba ta mutuwa nan take. Tana iya yin shekaru tana ruɓewa, har ranar da iska za ta same ta.

Ba kowace ce ta kai sara ba. Wata busassun rassa kawai za a rage mata. Amma wadda gindinta ya tafi, ga ɗakin kwana a ƙarƙashinta, ba a yi mata kara. A kira waɗanda suka iya, su fara daga sama, reshe bayan reshe, da igiya. In ta kusanci wayar wuta, a sanar da ma'aikatan lantarki. In ta bakin titi ce, a nemi izinin jami'an gandun daji. Idan ruwa ya zauna, a dasa wata, nesa da katanga.