Hanyar goro a taswirar duniya



A Sabon Ibadan aka haife ni, unguwar da aka ware wa Hausawa tun 1916. Sana'ar Baba goro ce, ni kuma nake raka direba ƙauyuka ɗauko kaya. Da daddare in an rufe shago nakan taɓa aikin sa kai a OpenStreetMap, wato taswirar nan da wani Bature, Steve Coast, ya fara a Ingila a 2004, wadda kowa zai iya yi wa gyara. Duk abin da ka zana sai ka liƙa masa alama, alamomin kuwa da Turancin Ingila suke, iri ɗaya a duk duniya.

To, akwai wata hanya da muke bi zuwa kasuwar goro. Ba kwalta, jar ƙasa ce, amma ita ce ran ƙauyukan, manyan motoci ma ita suke bi. Rannan na duba na tarar wani da ke aiki da hoton tauraron ɗan Adam ya sa mata alamar hanyar gona. A ƙasarsu, in ka ga hanya ba kwalta, to galibi ta tarakta ce. Wallahi raina ya ɓaci, don baƙon direban da ya dogara da waya, zagaye mai nisa za ta yi da shi, goro kuwa ba ya son zafi.

Da farko na so in ƙirƙiro tawa alamar. Sai na tuna manhajar da ke nuna hanya ba ta san ni ba, alamar da kowa ya sani kawai take karantawa. Ashe ma akwai ƙa'idar da aka tsara don hanyoyin Afirka: a duba aikin da hanya take yi, ba fuskarta ba. Na mayar da ita hanyar da ke haɗa garuruwa, sannan a wani gurbi daban na rubuta cewa ba kwalta.

Suna ma haka ne. Mu Badun muke cewa, amma babban gurbi na sunan da ke jikin allo ne, Ibadan. Hausa tana da nata gurbin, Yarabanci ma haka. Wannan kam na yarda da shi, tunda masu gari sun riga mu.

Inda na maƙale shi ne teburin mai shayin layinmu. Alamar da ta fi kusa ita ce ta gidan shan kofi irin na Turai. Na sa masa ita, na nuna masa a waya. Ya yi dariya ya ce, "To in Bature ya zo neman kujera mai laushi, kai za ka ba shi taka."