Wufa Ta Yi Tsawa, Inna Ba Ta Ji Magana Ba

Akwai wani matashi a Ajingi wanda abu biyu ne su ka ɗauke masa hankali: fim da gem ɗin ƙwallo. Ya na da wata tsohuwar kwamfutar girke da yayan sa ya bar masa lokacin da zai koma Kano da zama. A kan ta ya ke kallo, a kan ta ya ke buga PES da abokai in dare ya yi. Matsalar ta ɗaya ce, sauti. 'Yan sifikun ta kamar gwangwanin tumatir su ke, in ka ƙure su sai su riƙa kukan kyanwa.

Da kaka ta yi ya sayar da gyaɗar sa, sai ya ware wani kaso ya hau mota, ya bi ta Gaya da Wudil ya shiga birni. A wani shago aka nuna masa sifika mai guda uku, wadda ake ce wa 2.1, wato ƙanana biyu da babbar wufa ɗaya. A jikin kwalin an rubuta 3000W PMPO da manyan baƙaƙe. Mai shago ya saka waƙa ya murɗa bas. Gilashin kanta ya kama rawa, shi ma ƙirjin gogan naku ya kama. Ko tayi bai tsaya yi sosai ba, ya zaro kuɗi ya biya.

A daren farko lamarin ya yi armashi. Waƙoƙin zamanin Sangaya da Wasila su ka cika gida, yaran unguwa su ka yi dafifi a zaure. Washegari kuma Inna ta jawo tabarmar ta don ta kalli Labarina, shirin Aminu Saira da ya fara fita a 2020, wanda ba ta yarda ya wuce ta. Minti biyar ba a yi ba ta ce, "Wai kai, me ya ce mata ne?" Ya maimaita mata. Can ta sake tambaya. A ta uku sai ta naɗe tabarmar ta ta ce, "Wannan ai gurnani ne. Gara rediyo na." Abin ya yi masa ciwo, domin har da ita a ran sa ya kashe kuɗin gyaɗar nan.

Ya ɗora kayan a babur ya kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Gaya, ya ce, "Baba, ina jin ta lalace." Dattijon ya jona, ya saurara, ya yi dariya. "Ɗa na, lafiyar ta ƙalau. Ganga ka sayo, alhali mai magana ka ke nema."

Abin da dattijon ke nufi, mai karatu, shi ne wannan. Kunnen ɗan'adam ya na jin sauti daga kimanin 20 zuwa 20,000 a ma'aunin da ake kira Hertz. Wufa na ƙasa-ƙasan kawai ta ke fitarwa, wanda galibi bai wuce 150 zuwa 200 ba: dukan ganga, tsawa, fashewar bam. Amma abin da ke sa a gane magana ya fi yawa tsakanin 300 da 3,400, kuma wannan aikin ƙananan sifikun nan biyu ne. Su ne za su rarrabe maka "kafa" da "ƙafa". In su ka zama na banza, girman wufa ba ya tsinana komai, sai ma ya danne muryar ɗan wasa.

Finafinan mu kuwa na magana ne tun daga Turmin Danya na 1990. Ko a lokacin da kiɗan fiyanon Yamaha ya mamaye industiri, zance ne ke ɗauke da labarin. Ballantana yanzu da masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So su ka rage waƙa su ka ƙara hira.

Shi kuma PMPO ɗin da ya ruɗe shi lissafin talla ne, babu tsayayyen ma'auni a kan sa, kowane kamfani abin da ya ga dama ya ke rubutawa. Lambar da za a duba ita ce RMS, ƙarfin da sifika ke iya bayarwa ba tare da yankewa ba. Misali, Logitech Z313 wat 25 ce a RMS, kuma ta wadaci ɗaki guda.

Kayan da aka saya ba a mayarwa, don haka sai ya sayar wa wani mai shayi da ke son ƙara, ya yi asarar wani abu a kai. Ya cika da ɗan abin da ya rage masa ya nufi Kasuwar Sabon Gari. A wannan karon da memori ya je a aljihu, ɗauke da wani sin da mutum biyu ke magana ƙasa-ƙasa. Duk shagon da ya shiga sai ya ce, "Yallaɓai, a kashe waƙar nan, a saka min wannan." Wasu su ka yi masa kallon ɗan ƙauye, ko a jikin sa.

Ya ƙwanƙwasa jikin kowace wufa, domin ta katako ba ta zizar da ta roba ke yi. Ya nemi mai maɓallin bas daban, yadda zai rage wa Inna ya ƙara wa gem. Ya tabbatar akwai ramin waya mai 3.5mm, saboda Bluetooth kan yi ɗan jinkiri, sai ƙwallo ta shiga raga sannan ka ji bugun ta. Ya tsallake wata 'yar kwatano mai kyau da ya ga an rubuta mata 120V, irin ta Amurka, domin wutar mu 230 ce, ana jonawa za ta ƙone. A ƙarshe ya ɗauki mai AC/DC, wadda ke aiki da batirin 12V, tunda a ƙauye sola da batir sun fi wutar gwamnati tabbas.

Da ya dawo gida ya bi shawarar dattijon nan. Wufa a ƙasa, ba a ƙuryar ɗaki ba, don kusurwa na ƙara gurnani. Ƙananan biyu a kan tebur, dama da hagu, daidai kunnen mai kallo.

Ranar ma sai da ya yi lallashi kafin Inna ta yarda ta zauna. Aka saka shirin. Minti goma, ashirin, ba ta tambayi komai ba. Can ya sunkuya zai yi mata bayanin wani sin kamar yadda ya saba, sai ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwayo ba.

"Kai, yi min shiru mana. Ka na hana ni jin magana."