Dandaji: Inda Tsohon Masallaci Ya Zama Ɗakin Karatu

Duk wanda ya tsallaka iyaka daga Illela ya shiga Kwanni, ya miƙi hanyar Tawa a watan Afrilu, ba ya buƙatar a yi masa bayanin bazara. Da rana tsaka ma'aunin zafi kan haura 40. A wannan yanki ne Dandaji yake, ƙauyen Hausawa mai mutum kusan 3,000, kuma a nan ne aka kammala a 2018 wani gini da ya kamata duk mai ruwa da tsaki a harkar matasa a ƙasar nan ya je ya gani da idonsa.

Sunan wurin Hikma, an ɗauko shi daga Baitul Hikma ta Bagadaza. Asalin lamarin shi ne masallacin Juma'ar garin ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Ba ƙaramin masallaci ba ne a tarihi, domin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maimakon a rushe shi, masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu da wurin koyo na matasa da mata, sannan suka gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a kusa da shi, da bulon jar ƙasa wanda ake matsewa da inji ba tare da an gasa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ginin yake mu'amala da rana ba tare da jiran wutar lantarki ba. Katangar ƙasa mai kauri ba ta hana zafi shiga, jinkirta shi take yi. Tana shan rana tun hantsi, amma kafin zafin ya ratsa ta ya kai ciki, yini ya ƙare. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san sauran labarin: da daddare katangar kan amayar da abin da ta sha, shi ya sa a bazara ake fitar da tabarma tsakar gida. Ga ɗakin kwana wannan aibi ne. Ga ɗakin karatu da ake cika da rana, a rufe da dare, alheri ne tsantsa, muddin an bar ƙofofin iska a sama don zafin ya fice kafin asuba. Da hunturu kuwa sai al'amarin ya juya, ɗumin jiya ya tarbi mai zuwa da sassafe.

Akwai kuma lissafin fuskar gini. A ƙasashenmu rana ba ta karkata sosai daga tsakiyar sama, don haka rufi ne ya fi shan wuta, sai katangar gabas da ta yamma. Taga mai kallon kudu ko arewa 'yar rumfa ta ishe ta, amma mai kallon yamma ba ta da magani idan la'asar ta yi. Maginanmu na da sun san wannan ba tare da allo ko alli ba, shi ya sa soro yake da rufi mai kauri da tsawo da 'yan ƙananan tagogi. A Dandaji an ƙara da shuka itatuwa a harabar, ana ba su ruwa ta hanyar ɗiga daga wata ma'ajiya a ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina.

To a kwatanta wannan da cibiyoyin matasa da muke gani a garuruwanmu: bulon siminti mai rami, rufin kwano, manyan tagogin gilashi ko ta wace fuska, sai na'urar sanyaya ɗaki da ba ta aiki sai ranar yanke kirtani. Daga ƙarfe goma sha ɗaya na safe ɗakin ya zama tanda, matasan su koma gindin darbejiya, a dawo ana cewa ba sa son karatu.

Ba na cikin masu cewa ƙasa ta warware komai. Tana tsoron ruwan sama, tana son yaɓe a kan kari, kuma a idon mutane da yawa alamar talauci ce, har ɗan siyasa kan ji kunyar a ce abin da ya gina wa mazaɓarsa ke nan. Bulon da aka matse yana rage matsalar farko, domin ya fi tubali ƙarfi da jure ruwa. Ta biyu kuwa sai da magina, kuma a nan ma Dandaji ta yi dabara: maginan gargajiya na yankin aka gayyato suka gyara tsohon masallacin, suka kuma yi aiki da sababbin kayan, ta yadda idan bango ya tsage gobe, mai gyaransa yana nan kusa, ba sai an aika Yamai ba.