Takalmin fam 180 a gindin Ben Nevis

Fam 180 aka rubuta a jikin takalmin. Ɗalibin, wani ɗan Zariya da binciken duwatsu ya kai shi Fort William a yammacin Sikotilan, ya yi ta juya shi kamar mai neman inda aka liƙa zinariya. Kuɗin ragon layya ke nan a ƙafa! A gida ko damina ta kankama takalmin roba ya ishi kowa. Da shi makiyayi ke ratsa ƙaya da tsakuwa, in ya tsinke mai gyara ya ɗinke.

Sai ya yi dabara, ya sayi dogon takalmin ruwa mai araha, irin wanda ya samo sunansa daga Janar Wellington. Ruwa kam bai shiga ba. Amma roba ba ta riƙe ɗumi, ba ta kama idon sawu, kuma a kan jiƙaƙƙen dutse santsi gare ta kamar miyar kuɓewa. Ruwan can ba irin namu ba ne da zai zuba rana ta fito. Yayyafi ne mai sanyi da kan wuni, a gindin dutsen Ben Nevis mai tsawon mita 1,345.

Dole ya koma kanti. Can ya fahimci abin da ake saya: shimfiɗar Gore-Tex a ciki, mai hana ruwa shiga tana barin tururin gumi ya fita, da tafin Vibram mai zurfin zane, wanda Vitale Bramani ɗan Italiya ya fito da shi a 1937 bayan abokan hawan dutsensa sun halaka. Mai kantin ya ce a gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar ulu mai kauri. Ta auduga gumi take sha ta sanyaya ƙafa. A bar sarari kamar faɗin yatsa a gaba, don kada farce ya sha wuya a gangara. In ya jiƙe, a cusa masa jarida, kada a jingina shi da hita, fatar tsagewa take yi. A riƙa shafa masa kakin fata.

Yanzu yakan yini a tsauni ƙafarsa a bushe, har yana tunanin ina ma manoman Mambila su samu irinsa. Amma rasidin na nan cikin walat ɗinsa, kuma har yau bai faɗa wa mahaifiyarsa nawa ya saya ba.